Wa Ya Kai wa Kaolun Labari?

Pan Su-yin ita ce ke saye wa kamfanin Hailu kayan da ake haɗa kwamfuta da su. Kamfanin yana Taoyuan, ba ya cikin manya, amma ba a raina shi ba, don kwamfutocinsa na tafi-da-gidanka suna shiga makarantu da ofisoshi har a ƙasashen waje. Cikin duk abin da take saye, daga gilashin fuska zuwa 'yan ƙusoshin da sai an kanne ido ake ganinsu, babu mai tayar mata da hankali kamar ƙwaƙwalwa, 'yar abar nan da ba ta fi farcen babban yatsa ba, wadda in babu ita da kwamfuta da faranti duk ɗaya ne. Hailu ba ya ƙera ƙwaƙwalwa. Tun kafuwarsa daga Kaolun yake saye, wani kamfani a Hsinchu, kuma tun Su-yin tana ƙaramar ma'aikaciya mutum ɗaya ne ke sayar musu, wani dogo mai sanƙo, Yen Kuo-tai.

Yaya Yen take ce masa, saboda jami'a ɗaya suka yi yana gabanta, ko da yake a can ba su san juna ba. Faɗan da suka yi a kan farashi ba ya ƙirguwa. Ta taɓa kashe masa waya yana tsakiyar magana, shi ma ya taɓa tashi ya bar mata shayi ko kurɓa bai yi ba. Amma da mahaifinta ya rasu, shi ya riga duk abokan hulɗa zuwa, ya kunna turare, ya tsaya har aka watse. Shekarar da ƙwaƙwalwa ta yi wuya kuwa, manyan kamfanoni suka kwashe komai, shi ya yi ta kai-kawo a wurin shugabanninsa har aka bar mata abin da ya hana injinan Hailu tsayawa.

Sai dai Kaolun ya yi girma ya bar Hailu a baya. Sabon samfuri in ya fito, manyan masu saye ake fara ba wa, Hailu sai abin da ya rage, ga farashi kullum sama yake yi. Wata safiya mai kamfanin, Maigida Fang, ya kira Su-yin ofishinsa, ya tashi da kansa ya tura ƙofa. A ciki ta tarar da Tu Min-sheng, injiniyan da ke tsara cikin kwamfutocinsu, da wata mace siririya da ba ta sani ba, aka ce mata Lo Wan-ju ce daga Shenpo. Shenpo sabon kamfani ne mai ƙera ƙwaƙwalwa, tasa ta fi araha, ba ta kuma shan batir. Maigida ya ce za su gwada ta a ɓoye. In ta yi kyau su koma can, in ba ta yi ba a rufe zancen kamar ba a yi ba. Abin da yake tsoro shi ne Kaolun ya ji tun ba su shirya ba, ya rage musu kaya, su rasa nan su rasa can. Ya ce su huɗun nan ne kawai za su sani, ko a gida kada wanda ya faɗa. Aka ba Min-sheng wani ɗakin ajiya a ƙarshen bene da makullinsa. Da aka zo kan sunan da za a riƙa kiran aikin a waya, Maigida ya dubi farantin yankakkiyar gwaiba da ke kan teburinsa, ya ce a ce masa gwaiba.

Aiki ya tafi shiru har aka shiga sanyi. Sai Yen ya kira Su-yin, ya ce tunda za ta zo Hsinchu duba kaya, ta bari su ci abincin rana tare. Suka haɗu a rumfar da suka saba, gefen haikalin birni, inda ake cin taliyar shinkafa da miyar curin nama a kan dogayen bencina, hayaƙin turare yana shigowa ta baya. Yen ya yi mata tsiya a kan sabuwar motarta, ya ce ashe ragin da take ƙwata a wurinsa nan yake tafiya. Ta ce in da ragin gaske yake yi mata ai da jirgi ta saya. Suka ci, suka yi zancen 'yarsa da ke karatu a Japan. Da za su tashi ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin benci ya miƙa mata.

Ta buɗe ta ga gwaiba, manya-manya, kowace a cikin rigarta ta roba.

"Ta gonar surukina ce a Yenchao," in ji shi. "Ki ajiye ta tukuna, ƙanwata, ba ta gama nuna ba. Na gaya masa ya yi gaggawar tsinkewa, bai ji ba."

Ta yi godiya, ta yi dariya inda ya kamata. Amma duk tsawon hanyar komawa Taoyuan jakar nan tana kujerar gefe, ita kuwa tana juya maganarsa. Shekarun nan duka shayi yake kawo mata, ko busasshiyar taliya, bai taɓa kawo gwaiba ba. Ba ta ma taɓa jin yana da suruki mai gona ba. To amma mene ne abin mamaki a gwaiba, abin da ake sayarwa a bakin kowace hanya? Ta tuna yadda ya dube ta sa'ad da ya ce ba ta gama nuna ba. Ta sake tunawa, sai ta ga kamar bai dube ta ba ma, ƙofar haikali yake kallo. Kafin ta isa ofis ta riga ta rasa wanne ne ainihin abin da ta gani.

Ba ta gaya wa Maigida ba. Ta raba wa masu gadi gwaibar, ta hau sama ta zauna tana tunani. Ita dai ta san ba ta faɗa ba. Maigida ba zai cuci kansa ba. Lo Wan-ju ciniki take nema, me zai sa ta ɓata shi? Saura Min-sheng, kuma matar Min-sheng a Kaolun take aiki, a sashen gwaje-gwaje. Wannan ba sabon labari ba ne, rabin gidajen yankin nan miji yana wannan kamfani mata tana wancan, kowa ya sa hannu ba zai yi zancen aiki a gida ba, kowa kuma ya san yadda sa hannun yake ƙarewa in an zauna cin abinci. Su-yin ta je bikinsu, ta ba da jar ambulan ta kuɗin gudummawa kamar kowa, bai taɓa damunta ba sai yau.

Daga ranar ta fara lura da shi. Min-sheng mutum ne mai shiru, mai yawo da kwalbar shayin sanyi, wanda in ya kama aiki sai an tuna masa da cin abinci. Yanzu shirun nasa ya zama mata wani abu dabam. In ya fita baranda amsa waya sai ta ga ya daɗe. In ya kulle ɗakin gwaji sai ta bi baya ta taɓa ƙofar. Wata rana ta shiga ta same shi yana ɗaukar hoton allon kwamfutar da wayarsa, ya ce zanen zafin injin ne zai tura wa Lo, ya juyo mata wayar ta gani. Gaskiya ne, sunan Lo ne a sama. Duk da haka ta fito tana tambayar kanta me ya sa ya yi saurin nuna mata tun ba ta tambaya ba.

"Yaya Pan, ko na yi wani laifi ne?" ya tambaye ta wata rana a cikin lif.

Ta ce babu komai, gajiya ce. Ta tambayi lafiyar matarsa. Ya ce tana lafiya, aiki ya yi musu yawa a can, sai ya yi shiru kamar wanda ya ga ya faɗi abin da bai kamata ba. Wannan shirun ma ta ajiye shi a ranta.

Ba a daɗe ba Kaolun ya aiko da sanarwa cewa kayan da Hailu zai samu a farkon shekara za su ragu da kusan rabi, wai buƙata ta yi yawa, injinansu ba sa iya ɗauka. Su-yin ta kira Yen. Ya ce ba su kaɗai ba ne, duk ƙananan masu saye an taɓa su, wani babban kamfanin Amurka ne ya zo ya kama layi gaba ɗaya. Muryarsa ba ta canja ba, har da tsokana, ya ce ta riƙa yi masa magana a hankali don yanzu shi ma ɗan aike ne. Ta bincika a wurin takwarorinta na wasu kamfanoni. Ɗaya ya ce an rage musu, ɗaya ya ce ba a rage ba, na ukun ya yi ta kewaye-kewaye yana son ya ji nata. Ba ta yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, don ita ma ba gaskiya ta gaya musu ba.

Maigida Fang ya kira ta. Bai ce ta zauna ba, yana tsaye bakin taga yana kallon motocin da ke loda kaya a ƙasa. Ya ce shi bai yarda da zancen Amurkawa ba, horo ne Kaolun ke yi musu, kuma ba a horon mutum sai an san laifinsa. Sannan ya juyo.

"Na ji kin ci taliya a Hsinchu kwanakin baya."

"Kullum in na je muna ci, Maigida. Kai ka ce in riƙe shi da kyau."

"Na ce. Me kuka tattauna?"

Ta ce mota, da 'yarsa. Ta ji da kunnenta yadda amsar ta yi kama da ƙarya. Ta so ta faɗi zancen gwaibar, amma ta ga in ta faɗa yanzu zai tambaye ta dalilin da ya sa ta ɓoye tun farko. Tsohon yana kallonta irin kallon da ta yi makonni tana yi wa Min-sheng, ta kuwa san abin da ke bayan irin wannan kallon. Sai ta ji bakinta ya ce ita ba ta zargin kowa, amma ko Maigida ya tuna inda matar Min-sheng take aiki?

Maigida ya gyaɗa kai a hankali. Kafin mako ya ƙare aka karɓi makullin ɗakin gwaji daga hannun Min-sheng, aka mayar da shi sashen da ke amsa ƙorafin masu saye, aka ce ana buƙatar gwani a can. Ba wanda ya gaya masa dalili, shi ma bai tambaya ba. Ya kwashe kayansa a kwali, ya bi ta gaban ofishin Su-yin, ya ɗan rusuna mata ta gilashi kamar yadda ya saba. Daga baya ya ajiye aikin.

Tafiyarsa ba ta kawo mata sauƙi ba. Injiniyan da aka ɗora a kan gwajin sai da ya fara daga tushe, ga injin yana zafi in an daɗe ana aiki da shi, abin da Min-sheng ya kusa shawo kansa. Ana cikin haka Lo Wan-ju ta zo da sabon zance. Suka zauna a wani shagon kofi kusa da tashar jirgin ƙasa, don yanzu Maigida ya hana a riƙa ganinta a kamfani. Lo ta ce shugabanninta sun sake tunani. Ba za su iya tsayawa kan farashin farko ba, sai in Hailu zai yi alkawarin daina saye daga Kaolun gaba ɗaya, ya kuma manna tambarin Shenpo a jikin kowace kwamfuta.

"Ai taimakonku muke son yi, Yaya Pan," in ji ta, tana juya cokali. "Wanda aka rage wa rabin kaya bai kamata ya tsaya jan rai ba."

Su-yin ta tambaye ta wa ya ce rabi ne. Lo ta yi murmushi ta ce Hsinchu ƙaramin gari ne, direbobin manyan motoci ma sun san wa aka loda wa, wa aka hana.

A cikin jirgi Su-yin ta ga abin ta wata fuskar da ba ta taɓa dubawa ba. Ta ɗauka Lo ba za ta ɓata cinikinta ba, ashe tonon asirin shi ne gyaran cinikin. In Kaolun ya ji ya yi fushi ya janye, Hailu ba shi da wurin zuwa sai Shenpo, a kan kowane farashi aka yanka masa. Magana ɗaya a kunnen wani tsohon abokin ajinta da ke Kaolun ta isa. In kuwa haka ne, to an kawar da Min-sheng a banza, kuma ita ta nuna shi. Ta ɗauko waya ta nemo lambarsa, ta daɗe tana kallonta, ta mayar da wayar cikin jaka. Me za ta ce masa, alhali har yanzu ba ta da tabbas?

Ƙarshen shekara ya zo, aka yi walimar da kamfani ke yi wa ma'aikata da abokan hulɗa kafin sabuwar shekara, a babban zauren wani otal. Su-yin ta shiga ta tarar Maigida ya sa an zaunar da Yen a teburinsa, a damansa, ita kuma a gefen Yen. Da ta ɗaga kai sai ta hango Lo Wan-ju a tebur na kusa, cikin masu sayar musu da batir da gilashi, da katin suna mai ɗauke da Shenpo ɓaro-ɓaro a gabanta. Mutumin da ya hana a ga matar nan a bakin ƙofar kamfani, shi ne yau ya ajiye ta inda Yen ba zai ɗaga kofi ba sai ya gan ta. Yen kuwa ko gezau, ya gaisa da ita da kai kamar yadda ya gaisa da kowa.

Aka yi ta zuba giyar dawa, Maigida yana ta yi wa Yen kirari, yana cewa shi ne ƙashin bayan Hailu. Aka kawo dafaffiyar kaza, an ajiye kan kazar a gefen faranti, aka ɗora a kan faifan da ke juyawa a tsakiyar tebur. A da, wanda kan kazar ya fuskanta ya san an sallame shi ke nan. Yanzu wasa aka mayar da abin, masu gida kan juya kan zuwa wajensu don kowa ya ci abinci da kwanciyar rai. Maigida ya sa yatsa ya tura faifan a hankali. Kan ya zo daidai Yen ya tsaya. 

"Maigida Fang, ni ba ma'aikacinka ba ne, ba ka da ikon korata," in ji Yen. "Sai dai ka daina biyana, wannan kuwa ka daɗe da farawa."

Aka fashe da dariya, Maigida ya fi kowa. Ya sake tura faifan, kan ya wuce ta gaban Su-yin, a ganinta ya ɗan yi jinkiri a nan, sannan ya zagayo ya tsaya a gaban mai gidan. Aka tafa. Ita dai ba ta iya cin kazar ba.

Da aka fara rabon kyaututtuka ta ga Yen ya fita shan taba, ta bi shi zuwa barandar otal ɗin. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ya gaya mata tsakani da girman zaman da suka yi, wa ya kai musu labari. Ya tambaye ta wane labari. Ta ce kada ya mayar da ita yarinya, mutumin da ya kawo mata gwaiba har rumfar taliya ya san abin da take nufi.

Ya dube ta da alamar rashin fahimta, ta yi masa bayani. Sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi bai san da wani suna ba, surukinsa ne ya ajiye aikin banki ya sayi gona, ya cika musu gida da gwaiba har matarsa ta ce ko ya rabar ko ta zubar. Ya ce ofisoshi nawa ya kai wa a makon nan, har da abokan gabar Hailu.

"Amma gwajin naku na sani," ya ce, ya daina dariyar. "Tun kafin mu ci taliyar nan na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke."

Ta ce ƙarya yake yi. Ya ce ba da baki ba. Ya ce shekara da shekaru in ya kawo sabon farashi sai ta yi kamar za ta cinye shi ɗanye, ta kira shi ɓarawo, ta ce za ta kai ƙararsa wurin matarsa. A bana ya kawo ƙari mafi muni da ya taɓa kawowa, ta duba ta ce to, za ta yi nazari. Ya ce ranar ya koma ya gaya wa shugabansa Hailu ya sami wata ƙofa. Ragin kaya kuwa, ya ce ya riga ya gaya mata dalili, Amurkawa ne, in ta ga dama ta yarda.

Su-yin ta tsaya tana kallon fitilun motoci a ƙasa. Maganar ta zauna daidai, har ta yi mata daidai da yawa. Mai saye da sayarwa irin Yen, in yana da kunne a cikin Hailu, ai irin wannan labarin zai shirya don ya rufa wa kunnen asiri. Ta tambaye shi ko ya taɓa zama da Lo Wan-ju. Ya ce a wurin taro, kamar kowa. Ta tambaye shi ko Maigida Fang yana buga wasan golf da shugaban Kaolun har yanzu. Ya murƙushe tabar, ya ce wannan kuma ta tambayi maigidanta, shi ba ya bin manya fili. Yadda ya faɗa ɗin ya sa ta waiwaya ta dubi zauren ta gilashi, ta hango tsohon yana miƙa wa wata ma'aikaciya kyautar tukunyar dafa shinkafa, fuskarsa ja, yana fara'a. Ta tuna katin sunan Lo a kan tebur. Wanda ya iya yin wannan a bainar jama'a don ya razana Kaolun, me zai hana ya riga ya yi shi a ɓoye tun da farko, a tsakanin rami da rami a filin golf, sannan da abin ya juye masa ya nemi wanda zai ɗora wa?

"Af, kafin ki ji a bakin wani," in ji Yen yana gyara kwat. "Mun ɗauki Tu Min-sheng. Bayan hutu zai fara."

Ta ce ashe. Ya ce kada ta yi masa wannan kallon, mutumin ya iya aiki, yana zaune a gida, matarsa ta kawo takardunsa, wa zai bar irinsa? Ya buɗe mata ƙofa suka koma ciki.

Bayan sabuwar shekara aka sasanta yadda aka saba sasantawa, ba wanda ya sami duk abin da yake so. Kaolun ya mayar wa Hailu mafi yawan kayansa, ya kuma ɗan sauko da farashi. Shenpo ya janye sharaɗinsa da ya ga ba za a bar Kaolun ba, aka ba shi ƙananan kwamfutocin makaranta, aka bar wa Kaolun manya. Maigida Fang ya yi ta gaya wa mutane cewa dama haka ya tsara. Ya ƙara wa Su-yin matsayi, amma ya ɗauko wani ɗan ƙanensa ya sa shi mataimakinta, yana bin ta duk taron da za ta je, yana rubutu.

Da bazara ta je Kaolun taron sabon samfuri. A bakin ƙofa aka karɓi jakarta, aka manna wa idon kyamarar wayarta takarda, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Aka kai su wani ɗaki marar taga. Yen ya shigo da injiniyan da zai riƙa kula da buƙatun Hailu, sai ga Min-sheng, da rigar Kaolun, ya ɗan yi ƙiba. Ya rusuna ya ce, "Yaya Pan, an kwana biyu."

Aka yi taro lafiya. Min-sheng ya yi bayani dalla-dalla, ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Da aka tashi shan shayi, Yen ya ja ɗan ƙanen Maigida waje da hira, suka rage su biyu. Su-yin ta ce masa akwai maganar da ta daɗe tana son yi masa game da barinsa Hailu. Ya ce ba sai ta yi ba, ya san ita ce, sakatariyar Maigida ta gaya masa tun ranar da yake kwashe kaya. Ya ce bai riƙe ta ba, nan ɗin ma ya fi kusa da gida, yanzu da babur yake zuwa aiki. Ta dube shi tana neman ko fushin wanda aka zalunta, ko kunyar wanda aka kama, ba ta sami ko ɗaya ba. Ta so ta tambaye shi kai tsaye ko shi ne, sai ta ga duk amsar da zai bayar ba za ta yarda da ita ba, ta bar tambayar.

Da aka dawo zama ya ce don su daidaita sabuwar ƙwaƙwalwar da kwamfutocin Hailu na baɗi, yana buƙatar sanin girman batir da tsarin sanyaya injin da suke shirin sawa. Tambaya ce ta aiki, kowane injiniya zai yi ta, in ba a ba shi amsa ba kuma kayan ba za su zauna daidai ba. Amma wanda ya san waɗannan ya san irin kwamfutar da Hailu zai fitar, kuma Kaolun yana sayar wa duk masu gasa da su. Su-yin tana da amsar a kanta. Ta ce ba a gama yanke shawara ba tukuna, za ta aiko masa. Min-sheng ya ce to, ba gaggawa, ya wuce zuwa batu na gaba.